Zuma Mai Yaji: Tambayoyi da Amsoshi Kan Haɗa Ta a Gida da Yadda Ake Cin Ta

Wanda ya taɓa cin waina da zuma, sannan hannunsa ya kai ga kwanon yaji da ke gefe ya dangwala, ya riga ya san ɗanɗanon da ake magana a kai a wannan shafi. Bambancin kawai shi ne a nan ana haɗa zumar da barkonon a kwalba guda, a bar su su shiga juna, har zafin barkonon ya ratsa zumar. Haɗin ba shi da wahala, amma akwai wurare biyu da ake yawan yin kuskure, wato wajen wuta da wajen ruwa, kuma yawancin amsoshin da ke ƙasa a kan waɗannan biyun suke kai komo.

Mece ce zuma mai yaji, kuma daga ina ta fito?

Zuma ce da aka jiƙa barkono a cikinta har ta ɗauki zafinsa da ƙamshinsa, wani lokaci a ƙara ɗan ruwan khal, wato binega, da gishiri kaɗan. Haɗa zaƙi da yaji tsohon abu ne a girkin al'ummomi da dama, don haka babu wanda zai ce shi ya fara. Abin da aka sani shi ne yadda ta yi suna a 'yan shekarun nan. Wani Ba'amurke mai suna Mike Kurtz ya ci karo da ita a wani shagon fiza a ƙasar Burazil a shekarar 2003 lokacin yana ɗalibi, ya koma gida ya riƙa gwada haɗa tasa, kuma a 2010 aka fara zuba ta a kan fiza a shagon Paulie Gee's da ke unguwar Buruklin a birnin Niyok. Daga nan ne samfurin Mike's Hot Honey ya bazu a shagunan Amurka, wasu kamfanoni suka biyo baya. Shi kansa barkono asalinsa daga nahiyar Amurka yake, kuma 'yan kasuwar Fotugal na cikin waɗanda suka yaɗa shi zuwa gaɓar Afirka da Asiya.

Me ke sa barkono zafi, kuma me ya sa zuma take tausasa zafin?

Sinadarin da ke kawo zafin ana kiransa kafsaisin. Ba ya ƙona harshe a zahiri. Abin da yake yi shi ne taɓa wata kafa a jijiyoyin baki wadda aikinta sanar da ƙwaƙwalwa cewa an gamu da zafi mai cutarwa, na kusan digiri 43 zuwa sama a ma'aunin Salshiyos. Masanin da ya gano wannan kafa a 1997, David Julius, ya samu kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2021 tare da Ardem Patapoutian. Mutane da yawa suna zaton 'ya'yan barkono ne matattarar zafin, alhali yawancinsa yana cikin farar tsokar nan da 'ya'yan suke manne a jikinta, 'ya'yan kuma shafarsa kawai suke yi.

Zuma ba ta kashe kafsaisin. Kaurinta ne yake sa zafin ya isa harshe sannu a hankali, zaƙinta kuma ya rage yadda mutum yake jin raɗaɗin. Shi ya sa idan aka lasa, zaƙi ne yake fara zuwa, sai bayan ɗan lokaci zafin ya taso daga can maƙogwaro.

Wane barkono ya fi dacewa?

Ya danganta da irin zafin da mai haɗawa yake so. Ana auna zafin barkono da ma'aunin da wani masanin haɗa magunguna, Wilbur Scoville, ya ƙirƙira a 1912. A wannan ma'auni attarugu da danginsa suna tsakanin 100,000 zuwa 350,000, dogon jan barkono irin wanda ake kira kayen yana tsakanin 30,000 zuwa 50,000, shi kuwa tattasai kusan ba shi da zafi, launi da ƙamshi kawai yake bayarwa.

A ganina, ga wanda zai fara, babu kamar busasshen jan barkono na kasuwa da aka daka sama-sama, ba a mai da shi gari ba. Idan an haɗa shi da ɗan busasshen tattasai, zumar takan fito da launi ja mai kyau ba tare da zafin ya wuce kima ba. Attarugu yana da ƙamshin da babu barkonon da ya kai shi, amma ƙwaya ɗaya ko biyu busassu sun isa kofi guda na zuma. Wajen saye a duba sosai: duk barkonon da ya yi baƙi-baƙi daga ciki, ko yake warin ruma, a bar shi. Barkonon da aka shanya a ƙasa ko aka tara shi kafin ya gama bushewa yakan yi funfuna, kuma wasu nau'o'in funfuna suna haifar da gubar aflatoksin wadda dahuwa ba ta kawar da ita.

Ɗanyen barkono ko busasshe?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Dalilin da ya sa zuma take shekaru ba ta lalace ba shi ne ƙarancin ruwan da ke cikinta. Zumar da ta nuna sosai ruwanta bai wuce kashi 17 zuwa 18 cikin ɗari ba, kuma ƙa'idar abinci ta duniya ta kayyade kada ya haura kashi 20. Ga ta kuma da ɗan tsami na halitta, don haka ƙwayoyin cuta ba sa samun wurin hayayyafa. Shi kuwa ɗanyen barkono kusan kashi 90 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne. Da zarar an yanka shi an jefa cikin zuma, sai zumar ta zuƙe ruwan, ta tsinke, kuma idan ruwanta ya haura iyakar nan sai yis ɗin da ke kwance a cikinta ya farka ya fara aiki.

Na ga wannan da idona. Wata shekara a watan Afrilu, lokacin da zafi ya kai matuƙa, na yanka ɗanyen attarugu huɗu a kwalbar zuma na rufe na ajiye a saman kanta. Kwana biyun farko ƙamshin ya yi daɗi ƙwarai. Da aka yi kusan mako biyu sai na tarar murfin ya kumbura, farin kumfa ya taru a wuyan kwalbar, zumar ta tsiyayo ta gefe har tururuwa sun yi layi a bango. Da na buɗe sai ta yi huci, warin tsami ya bugi hancina. Dole na zubar da ita duka.

Wanda ya nace sai ɗanyen barkono saboda ƙamshinsa, to ya wanke shi, ya goge shi ya bushe sarai, ya ɗumama tare da zumar, ya tace ya fitar da barkonon, sannan ya ajiye a firiji ya cinye cikin mako ɗaya ko biyu. Idan wutar lantarki ba ta tsayawa a inda yake, kamar yadda lamarin yake a gidaje da yawa, busasshen barkono ne kawai hanyar da hankali zai kwanta da ita. Wannan gargaɗin ya shafi ɗanyar tafarnuwa da ɗanyar citta ma, domin su ma ruwa ne da su, kuma daga ƙasa ake tono su.

Wace irin zuma zan saya, kuma ta yaya zan gane ta gaskiya?

Zuma mai haske, wadda ɗanɗanonta ba shi da ƙarfi, ta fi bari a ji barkonon. Baƙar zuma irin wadda ake ɗebowa daga amya da hayaƙi tana da nata armashi, domin ƙamshin hayaƙin yakan dace da gasasshen nama, sai dai a kula da kaurinta. Idan an matse saƙar da ƙudan zuma bai gama rufe ta da kaki ba, zumar takan zo da ruwa-ruwa, kuma irin wannan ba ta jure ajiya ko da ba a sa mata komai ba.

Game da gwaje-gwajen da ake yi a kasuwa, irin su tsoma ashana a kunna, ko ɗiga zuma a kofin ruwa a ga ko za ta nutse, ko cewa tururuwa ba ta bin zuma ta gaskiya, ba abin dogaro ba ne. Narkakken sukari mai kauri zai iya tsallake na farko da na biyu, tururuwa kuwa duk abu mai zaƙi bi take yi. Abin da ya fi shi ne a sayi zuma wajen mai kiwon ƙudan zuma da aka sani, ko wajen wanda aka daɗe ana hulɗa da shi.

Yaya ake haɗa ta, kuma mene ne awon?

Ga kofi ɗaya na zuma, wato kusan giram 340, ana sa babban cokali ɗaya zuwa biyu na dakakken busasshen barkono. Za a zuba su a ƙaramar tukunya mai kaurin gindi wadda ta bushe sarai, a ɗora a kan wuta mafi ƙanƙanta, a riƙa juyawa da busasshen cokali. Cikin 'yan mintoci zumar za ta saki jiki ta riƙa gudu kamar man gyaɗa, ƙananan kumfa su fara fitowa a gefen tukunyar. Nan ne wurin saukewa, ba a jira ta tafasa. A bar ta ta huce na minti 15 zuwa 30 da barkonon a ciki, a ɗanɗana, idan zafin ya yi sai a ƙara ƙaramin cokali ɗaya ko biyu na khal da ɗan gishiri a bakin yatsa, a tace tun tana da ɗumi, a zuba a kwalbar gilashi da aka wanke aka shanya. Ba a rufe kwalbar sai zumar ta huce gaba ɗaya, domin tururin da zai taru a ƙarƙashin murfi ruwa ne zai koma ciki.

Mai girki da gawayi ko itace, wanda ba ya iya rage wuta yadda yake so, gara ya zuba zumar da barkonon a kwalba, ya tsayar da kwalbar a cikin tukunyar ruwan zafi da aka riga aka sauke daga wuta. Hanyar ta fi ɗaukar lokaci, amma zumar ba za ta taɓa kamawa ba.

Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar wuta sam. A zuba busasshen barkono a kwalbar zuma, a rufe, a riƙa kifa ta a mayar sau ɗaya a rana har mako ɗaya ko biyu. A lokacin zafi zumar takan yi laushi da kanta, aikin ya yi sauri. A lokacin hunturu kuwa sai an yi haƙuri.

Shin wuta tana lalata zuma?

Wuta mai ƙarfi tana lalata ta. Tafasawa tana kore ƙamshin furen da ke cikin zuma, tana kashe sinadaran da ƙudan zuma ya zuba mata, tana duhunta launinta, kuma idan sukarin ya fara ƙonewa sai ɗaci ya shigo wanda babu abin da zai cire shi. Haka kuma zuma mai tafasa takan yi kumfa ta taso ta zube cikin ƙiftawar ido, kuma ƙunarta ta fi ta ruwan zafi muni saboda manne wa fata take yi. Ɗumamawa kaɗan ba ta mai da zuma guba kamar yadda wasu suke faɗa, amma wanda ya sayi ɗanyar zuma da tsada don amfanin da ke cikinta, hanyar jiƙawa ba tare da wuta ba ce ta dace da shi.

Dole ne a sa khal?

Ba dole ba ne. Amfaninsa shi ne yanke zaƙin don kada ya gundure mai ci, da kuma sa zumar ta fi saurin zubowa. Ruwan lemun tsami ma yana yin wannan aikin, amma ya fi kyau a matsa shi a kan abincin lokacin ci maimakon a zuba shi cikin kwalbar ajiya.

A tace barkonon ko a bar shi a ciki?

Idan an bar busasshen barkono a ciki, zafin zai ci gaba da ƙaruwa kwana bayan kwana, don haka zumar da ta yi daidai yau za ta iya gagarar yara bayan wata guda. Guntayen kuma sukan taso su taru a sama. Ni na fi son tacewa da rariyar ƙarfe, sannan in mayar da rabin ƙaramin cokali na barkonon don kwalliya. Abin da ya rage a rariyar kada a zubar. A shafa shi a jikin kaza ko kifi kafin gashi.

Ta yi yaji fiye da kima. Akwai gyara?

A ƙara zuma zalla a juya, shi ke nan. Idan kuwa zafin ne bai kai ba, a mayar da ita kan ɗumi da ƙarin barkono, ko a bar ta ta ƙara kwana biyu kafin a tace. Za a iya sa busasshiyar citta, ko kanumfari ƙwaya biyu, ko masoro, amma kimba da kanumfari suna da ƙarfin da za su danne komai, don haka a yi hankali da su. Yajin tsire kuwa bai dace da kwalbar ajiya ba, saboda ƙuliƙulin da ke cikinsa yana da mai, kuma mai yakan canza wari idan ya daɗe.

Tsawon wane lokaci take yi, kuma a ina ake ajiye ta?

Wadda aka haɗa da busasshen barkono takan yi watanni a kwalba mai murfi, a wuri mai inuwa nesa da murhu, kodayake ƙamshinta ya fi kyau a watanni uku na farko. Ba ta buƙatar firiji. Abin da take buƙata shi ne a rufe ta da kyau, musamman da damina, domin zuma tana zuƙar danshi daga iska, kuma kada a taɓa sa mata jiƙaƙƙen cokali ko wanda aka lasa. Yana da kyau a rubuta ranar haɗawa a jikin kwalbar. Duk lokacin da aka ga kumfa yana tasowa da kansa, ko murfi ya kumbura, ko aka ji warin tsami, ko funfuna ta bayyana, to a zubar.

Zumata ta daskare ta yi tsaki-tsaki. Ta lalace ne, ko ta jabu ce?

Ba ta lalace ba, kuma daskarewa ba shaidar jabu ba ce. Ɗaya daga cikin nau'o'in sukarin da ke cikin zuma, wato gulukos, shi ne yake rabuwa da ruwa ya zama ƙwayoyi, kuma hakan ya fi sauri idan sanyi ya kai wajen digiri 14, shi ya sa ake yawan ganin haka da hunturu ko a firiji. Guntayen barkono ma suna ba ƙwayoyin wurin kamawa. A tsayar da kwalbar a ruwa mai ɗumi wanda hannu zai iya jurewa, a riƙa juyawa har ta narke.

Da me ake cin ta?

A Amurka an fi saninta a kan fiza, da soyayyar kaza, da cuku. Dalilin dacewarta da waɗannan shi ne maiƙo da gishirin da ke cikinsu, kuma duk abincin da ke da waɗannan biyun zai karɓe ta. Don haka tana tafiya da ƙosai mai zafi, da awara, da soyayyar doya ko dankali, da balangu, da gasasshen kifi. A kan waina da funkaso kuwa, inda dama an saba zuba zuma, ba sai an yi wa kowa bayani ba. Gurasa da aka ɗan gasa aka shafa mata man shanu ma tana karɓarta sosai.

Wajen gashi akwai abin lura: zuma tana ƙonewa da wuri, saboda haka ba a shafa ta a nama tun farko. Sai naman ya kusa nuna, saura minti biyu ko uku a sauke, sannan a shafa ta a juya, ta yi sheƙi ba tare da ta yi baƙi ba. Rabin cokali a shayin citta da lemun tsami da sanyin asuba shi ma yana da daɗi.

Akwai waɗanda bai kamata su sha ba?

Jariri da bai cika shekara ɗaya ba, ba a ba shi zuma kowace iri, mai yaji ko marar yaji, dafaffiya ko ɗanya. Zuma takan ɗauko ƙwayoyin wata cuta mai suna botulizim, waɗanda hanjin babba yake iya shawo kansu amma na jariri bai kai ba, kuma ɗumamawar da ake yi a tukunya ba ta kashe su. Cutar tana raunana jijiyoyi har ta kai ga numfashi. Ina nanata wannan ne saboda a gidaje da yawa akan lasa wa jariri zuma da kyakkyawar niyya.

Mai ciwon suga ya tuna cewa zuma sukari ce. Babban cokali ɗaya yana ɗauke da kusan giram 17 na sukari, barkono kuma bai rage komai daga ciki ba. Masu gyambon ciki da masu ƙwannafi sukan ji yaji yana tayar musu da ciwo, don haka su bi shawarar likitansu.

Tana maganin tari ko mura?

Zuma zalla tana ɗan lafar da tari da kaikayin maƙogwaro ga manya da yaran da suka wuce shekara ɗaya, yaji kuma yakan sa hanci ya buɗe na ɗan lokaci. Iyakar abin ke nan. Zuma mai yaji kayan ɗanɗano ce, kuma tarin da ya wuce mako biyu, ko ya zo da zazzaɓi ko jini, na asibiti ne.

Barkono ya taɓa mini ido ko ya ƙona mini hannu, me zan yi?

Kafsaisin ba ya narkewa a ruwa sosai, a mai yake narkewa, shi ya sa wanke hannu da ruwa kawai ba ya raba mutum da raɗaɗin. A shafa man girki a hannun, sannan a wanke da sabulun wanke-wanke. Ido kuwa ruwa mai tsabta kawai ake zuba masa na tsawon mintoci, ba a murza shi. Ga bakin da ya ɗauki zafi, madara ko kindirmo sun fi ruwan sanyi aiki. Lokacin dakan barkono da ɗumama shi a buɗe taga, domin tururinsa yana sa tari da atishawa.

Zan iya haɗawa in sayar?

Za a iya, amma sai an tsaya a kan busasshen barkono kawai, a riƙa auna komai da sikeli don kwalbar yau ta yi daidai da ta gobe, a kuma rubuta kayan haɗin da ranar haɗawa da gargaɗin jarirai a jikin kowace kwalba. A Najeriya duk abincin da aka ƙunsa don sayarwa a shaguna yana buƙatar rajistar hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna. Kafin a kai ga nan, a haɗa ƙananan kwalabe, a ajiye ɗaya daga kowane haɗi a gida har wata uku, a riƙa duba ta don a ga yadda za ta kasance a hannun mai saye idan ta sha zafin bazara da danshin damina.